Wa Ke Bin Sawun Tsofaffin Tudun Wada?

Tsakanin shekarar 1969 da 1972, sa'ad da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake zaune a Tudun Wada, da sauran shekara talatin da 'yan kai kafin a tashe shi zuwa Shika, likitocin sashen cututtukan manya, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Dakta Davidson, suka lura da wata cuta wadda ta yawaita a ƙasar Zazzau fiye da yadda littattafan da suka karanto a Ingila suka nuna musu, watau ciwon zuciya mai kama mace bayan ta sauka, jikinta ya kumbura, numfashi ya riƙa gagararta ko da tana kwance. Suka rubuta sunayen mata fiye da 220 waɗanda aka kawo da wannan larura, suka yi ta nazari da tambaya game da yadda ake jego a wannan ƙasa, har zatonsu ya tsaya a kan kunun kanwa, da wankan ruwan zafi safe da maraice, da kwanciya bisa gadon ƙasa wanda aka hura wa wuta. Wannan kashi na labarin sananne ne ga ɗaliban likitanci, kuma har gobe ana kai ruwa rana a kansa tsakanin likita da kakar mai jego.

Kashin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba a rufe littafin sunayen nan ba. Daga 1993 zuwa 1995, bayan Parry ya daɗe da barin Zariya, bayan jariran da aka haifa a wancan lokaci su ma sun yi nasu 'ya'yan, aka koma neman waɗannan mata, kuma nauyin neman galibinsa ya rataya ne a wuyan wata mace 'yar Zariya, wadda marubutan rahoton da ya fito a 1998 suka shaida cewa a kan kiyayewarta da amanarta aikin ya dogara, suka kuma sa sunanta cikin nasu. Aka sami labarin kimanin huɗu daga kowane biyar. Mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun riga mu gidan gaskiya, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne sanadinsu, kuma hawan jini ya bayyana a jikin da yawa daga cikinsu a shekarun da suka biyo baya. Matan da suka shigo asibitin suna goye da jarirai, aka same su sun zama kakanni. Ta haka, ba tare da an yi nufi ba, Zariya ta raka wani ayari na mutanenta tun daga ƙuruciya har bakin ƙofar tsufa.

Irin wannan bincike, na a zaɓi mutane sanannu da sunayensu da gidajensu a yi ta komawa gare su shekara da shekaru, ya sha bamban da wanda muka saba gani, inda ɗalibi zai zo da takardar tambayoyi ya cike ta a yini guda, ya tafi ya rubuta kundin digirinsa, ba a sāke ganinsa ba. Wanda ya leƙa gona sau ɗaya cikin damina ya ga dawa ta yi shar, ba shi da ikon ya faɗi ko za ta yi ido. Wannan sai wanda ya bi ta tun daga shuka har girbi. Idan ka tarar da dattijo matalauci kuma marar lafiya, ganin rana ɗaya ba zai gaya maka ko talaucin ne ya jawo cutar ba, ko kuwa cutar ce ta cinye masa jari har ta kai shi ga talauci, alhali kuwa maganin mas'alar ya rataya ne a kan sanin wanda ya riga wani zuwa.

Ƙasashen da tsofaffinsu suka yi yawa sun daɗe da gane wannan. A 1992 Jami'ar Mishigan ta Amurka ta fara wani bincike a kan lafiya da barin aiki, wanda yake bin mutum wajen 20,000 waɗanda suka haura shekara 50, ana komawa gare su duk bayan shekara biyu, ana kuma shigo da sababbi duk bayan shekara shida domin kada ayarin ya ƙare. Ana tambayarsu abin da yake shigo musu da abin da yake fita, da bashin da ake binsu, da maganin da suke sha, da wanda yake kawo musu ziyara. Ana auna jininsu da ƙarfin damƙar hannunsu da saurin tafiyarsu, ana karanta musu kalmomi goma a ce su maimaita yanzu, su sake maimaitawa bayan ɗan lokaci. In mutum ya rasu kuma, a nemi makusancinsa a ji yadda watanninsa na ƙarshe suka kasance da abin da jinyar ta ci. Ingila ta bi sahu a 2002 da mutum wajen 12,000, ƙasashen Turai suka haɗu suka yi nasu a 2004, Sin a 2011, Indiya ta fara nata a 2017 da mutum fiye da 72,000. A nahiyarmu akwai na yankin Agincourt a Afirka ta Kudu, wanda ya ɗauki mutum 5,059 masu shekara 40 zuwa sama, akwai kuma na Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasashe shida, inda Gana da Afirka ta Kudu suka wakilci Afirka. Nijeriya, duk da yawan jama'arta, ba ta cikin shidan nan.

Abin da ya fi fitowa fili daga waɗannan ayyuka shi ne, lafiya da dukiya da zaman jama'a ba su rabuwa. Da aka haɗa alƙaluman Ingila da na Amurka a wani nazari na 2020, aka ga cewa mawadaci mai shekara 50 yana da tsammanin shekara takwas zuwa tara na lafiyar gaɓɓai fiye da tsaransa matalauci, kuma abin lura, wannan rata tana nan har a Ingila, inda ba a biyan kuɗin ganin likita. Wani nazarin na 2012 ya bi tsofaffin Amurka kimanin 1,600 shekara shida, ya tarar 43 cikin 100 suna kukan kaɗaici, kuma mutuwa da gajiyawar jiki sun fi saurin riskar su. Mafi yawan masu wannan kuka ba su kaɗai suke zaune a gida ba. Ya kamata mu tsaya a kan wannan magana, mu da muke alfahari da cewa gidajenmu cike suke da mutane, domin cikar gida ba ta lamunce wa tsoho abokin hira ba.

A Nijeriya, malaman Ibadan ne suka yi zarra. Tun 1992 likitocinta suka haɗa hannu da na Indiyanafolis suna kwatanta tsofaffin Yarabawa na unguwar Idikan da tsofaffin baƙar fatar Amurka, kuma sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna gigin tsufa yana kama Yarabawan ƙasa da rabin yadda yake kama 'yan uwansu na can, abin da ya sa masana suka ƙara mai da hankali ga abinci da hawan jini da yanayin zama, ba ga jinin gado kaɗai ba. Sa'an nan a 2003 da 2004 Farfesa Oye Gureje ya tara mutum 2,152 masu shekara 65 zuwa sama daga jihohi takwas na masu jin Yarabanci, ya koma gare su a 2007 da 2008 da 2009. Ya tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa faɗawa matsananciyar damuwa irin wadda likita yake kira cuta, adadin da ya girgiza waɗanda suka ɗauka cewa tsohon Afirka ba ya sanin wannan ciwo. To, amma tsohuwar Ibadan 'yar kasuwa ce mai rumfa da jarin kanta, tana fita kullum. Wanda ya ɗauki hukuncinta ya ɗora wa tsohuwar da ta yi shekara arba'in a kulle a Tudun Wada, ya yi ƙiyasi ba bisa illa ɗaya ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa na Zariya sun yi nasu ƙoƙarin: a 2011 suka buga binciken tsofaffi 322 na cikin gari, suka sami gigin tsufa a jikin kimanin 3 cikin 100. Aiki ne mai daraja, sai dai na zuwa ɗaya ne, ba zai iya faɗin yaushe ruɗewar ta fara ba, ko me ya gabace ta. A nan ne nake ganin almajiran ilmi za su fi kowa saurin fahimtar abin da ake nufi, domin malaman hadisi sun riga kowa sanin cewa hankalin mutum ba ya zama a hali ɗaya. Sun buɗe babi na musamman a kan amintattun maruwaita waɗanda suka rikice a ƙarshen rayuwarsu, irin su Aɗa'u ɗan Sa'ibu da Sa'idu ɗan Abu Aruba, suka bi diddigin lokacin da rikicewar ta soma, suka rarrabe almajiran da suka ji daga gare su kafin haka da waɗanda suka ji bayansa, suka karɓi riwayar na farko, suka dakata a kan ta na biyu. Ba su ga wannan a matsayin cin mutuncin dattijo ba, sun ɗauke shi tsare amanar ilmi. Al'ummar da ta gaji wannan irin tahƙiƙi ba ta da hujjar ta ce bin sawun tsufa bidi'a ce ta Turawa.

Tudun Wada kuwa, in ana neman inda za a fara, da wuya a sami wurin da ya fi ta dacewa, saboda asalinta. A zamanin Turawa aka kafa ta a bayan ganuwa, daga Ƙofar Doka zuwa gaɓar Kubanni, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba, kuma abin da ya cika ta shi ne aiki: maɗaba'ar Gaskiya da aka kafa a 1945, da makarantar horon ma'aikata ta Kongo, da asibiti, da jirgin ƙasa da kamfanin taba a tsallaken rafi, daga baya kuma jami'a. Mutanen da suka zo suka bar gonakin iyayensu a Katsina da Kano da Bauci da Barno da ƙasar Nufe, su da 'ya'yansu, su ne dattawan unguwar a yau. A ƙauye, abin da yake riƙe tsoho shi ne gandu: 'ya'ya suna noma wa uba, rumbu yana hannunsa, shi yake ciyarwa, shi yake biyan haraji da sadaki, su kuma suna da gayaunarsu. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a ƙasar Zazzau bayan zamansa na 1949 da 1950, daidai lokacin da matarsa Mary take zaune a Giwa tana rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta. David Norman na Samaru ya auna shi a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a 1966 da 1967. Ɗan Tudun Wada ya fita daga gandu tun yana saurayi, bisa alkawarin cewa albashi da fansho za su tsaya masa a madadinsa.

Ko alkawarin ya cika? Ga wanda ya yi aikin gwamnati har ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, akwai fansho, ko na tsohon tsari ko na dokar 2004 wadda aka sabunta a 2014, inda ma'aikaci yake zuba 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10. Amma kowa ya san jiran kuɗin sallama, da layin tantancewa, da yadda fanshon da aka yanka wa mutum shekara goma da suka wuce ya koma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, har daga baya hauhawar farashi ta haura 30 cikin 100. Wannan ma shi ne mai sa'a. Tela da direba da birkila da mai shago a kasuwar Tudun Wada da malamin zaure, ranar da ido ya yi yana ko ɓarin jiki ya shanye, ranar ce abin cefane ya tsaya. An ƙaddamar musu da tsarin ƙaramin fansho a 2019, sai dai mutumin da ribar yau ita ce tuwon dare, ajiyar shekara ashirin ba ta cikin lissafinsa. Maganin hawan jini da na ciwon suga kuma ba a sha a warke, sha ake yi har ƙarshen rai, shi ya sa za ka ga dattijo yana sayen na kwana uku a kemis, in jiri ya lafa ya bari.

Akwai shaida daga ƙasar Zazzau ɗin nan a kan abin da dogon bibiya yake iya tonowa game da dukiya. A 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya zauna da gidaje wajen 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana rubuta rancen da suke yi wa juna, ya tarar kusan dukkansa tsakanin dangi ne da maƙwabta, ba jingina ba takarda, kuma in masifa ta auka wa wanda ya ci bashin akan sassauta masa, in ta auka wa mai bashin akan gaggauta biyansa har a ƙara masa, watau rance ya zama wata irin lamuni tsakanin talakawa. Bayan shekara 20, a 2008, wasu masana biyu, Andrew Dillon da Esteban Quiñones, suka koma suka nemo gidajen nan da waɗanda suka tsiro daga gare su. Suka ga dukiyar maza ta bunƙasa fiye da ta mata nesa ba kusa ba, domin maza sun ajiye tasu a dabbobi waɗanda farashinsu ya yi ta hawa, mata kuwa tasu tana cikin kayan ɗaki da na ado waɗanda darajarsu ba ta motsa sosai ba. Duk wanda ya taɓa ganin an fito da kwallaye da tasoshin wata tsohuwa za a sayar domin jinyarta, ya ga abin da aka taya, ya san ma'anar wannan sakamako.

Lalle al'amarin tsofaffin mata ya fi buƙatar a zura masa ido. Dattijo yana da masallaci sau biyar a yini, yana da majalisa bayan La'asar inda za a yi musun siyasa da tuna zamanin Sardauna, in bai fito Asuba kwana biyu ba, za a aika a tambaya. Tsohuwa, ko da yake tsufa yakan kwance mata kulle ta riƙa zuwa biki da suna da ta'aziyya da makarantar Islamiyya, dukkan wannan ya rataya ne a kan ƙafarta. In gwiwa ta ƙi, duniyarta ta koma ɗaki guda, sai jikan da aka ba ta riƙo, in akwai. In miji ya rasu ya bar 'ya'ya, tumuni ne rabonta, in da kishiyoyi a raba shi tsakaninsu, kuma gidan da ta yi shekara arba'in a ciki yana iya shiga rabo. Shari'a ta wajabta wa ɗa mai hali, namiji ko mace, nafaƙar iyayensa matalauta, kuma duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wannan wuri. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya wajibcin bai ƙetare zuwa kaka ko goggo ba. Wadda ba ta haihu ba, kamar Baba ta Karo wadda riƙo ne ya ba ta 'ya'ya, ko wadda ta binne nata, hakkinta yana kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Mukan ce mu ba mu yar da tsofaffinmu, kuma galibi gaskiya ne. Amma tsofaffin da suke zaune a ƙofofin masallatan Juma'a da ƙoƙo a hannu daga wasu gidaje suka fito, kuma babu littafin da ya rubuta ta wace hanya suka iso nan.

Hukuma ta yi motsi a takarda. An sa hannu a dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta tanadi asusu domin masu rauni, tsofaffi na ciki. Sai dai ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, kuma ƙiyasin da ake yi na cewa waɗanda suka kai shekara 60 kimanin 5 ne cikin 100, watau mutum wajen miliyan 10, bai gaya wa kowa nawa ne cikinsu suke da hawan jini ba su sani ba, ko nawa ne 'ya'yansu suke aiko musu da wani abu a wata. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana bin gidaje wajen 5,000 tun 2010, amma hankalin wannan bincike yana kan noma da abin masarufi, tsoho ba shi ne abin nema ba. Sayyidina Umar, da ya tashi raba wa jama'a daga baitulmali, diwani, watau littafin sunayen masu rabo, ya fara kafawa.

Ba a ce aikin ba shi da wahala ba. Da yawa daga dattawanmu ba su da takardar haihuwa, amma masu bincike sun daɗe da sanin dabarar wannan: a jera wa mutum manyan al'amuran da garinsa ya shaida, a tambaye shi ina yake a lokacin. A Zariya jerin a shirye yake, daga rasuwar Sarki Ja'afaru a 1959, da samun mulkin kai a 1960, da kisan Sardauna a Janairun 1966, da canjin hannun tuƙi a 1972, da canjin kuɗi zuwa naira a 1973, har hawan Sarki Shehu Idris a 1975. Macen da ta ce tana goyon ɗan fari aka canja kuɗi, ba za a yi nisa da shekarunta ba. Wahalar da ta fi wannan ita ce yarda. Bahaushe ba ya ƙirga wa baƙo dukiyarsa, kunya kuma ba ta barin uba ya ce ɗansa ya yi watsi da shi, sai dai ya ce alhamdu lillahi; kuma tun gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, mutanen Arewa suna ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da allura da takarda, kuma ba za a ga laifinsu ba. Saboda haka sai an bi ta hannun masu unguwanni da limamai, sai mace ce za ta shiga wurin mata, sai an tabbatar wa mutane cewa asirinsu a rufe yake, sai kuma wanda aka auna aka ga jininsa ya hau an haɗa shi da magani, ba a rubuta lamba a yi gaba ba. A kan haka sai haƙuri, domin aiki ne wanda mai fara shi ba lalle ne ya ga cikarsa ba, kuma kuɗin da ake ba masu bincike galibi na shekara uku ne ko biyar.

Kayan aikin dai suna nan cikin gari ɗaya: sashen lafiyar al'umma da na ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa, masana tattalin arziki da zamantakewa a Samaru, masana shari'a da mulki a Kongo, da masarauta mai hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowane zaure. Kiranmu ga hukumar Jami'ar Ahmadu Bello da Masarautar Zazzau da gwamnatin Jihar Kaduna shi ne su zauna su buɗe littafi guda, su fara da dattawa dubu biyu ko uku na Tudun Wada da birni da ƙauyukan kewaye, maza da mata, 'yan fansho da waɗanda ba su taɓa karɓar albashi ba, su ware masa kuɗi na dindindin, su ɗauki alkawarin komawa duk bayan shekara biyu. Waɗanda aka haifa a shekarar samun mulkin kai sun cika 65 a 2025. Da su ya kamata a fara.